Tambaya da Amsa: Na'urar Lantarki Mai Motsa Tsoka ga Masu Ciwon Ƙoda

Wasiƙun da suka taru mana a wannan watan, yawancinsu daga unguwannin Zango na Kumasi, a kan abu guda suke: 'yar na'urar nan mai batir da ake manna wayoyinta a cinya ko a baya tana bugun tsoka da lantarki. Likitan ƙoda da likitan fisiyo, wato mai jinyar gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, ne suka zauna tare suka amsa. Mun taƙaita wasu tambayoyin saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifinmu yana da shekara 63, wata tara ke nan yana wankin ƙoda sau biyu a mako. Cinyoyinsa sun tsotse, yanzu a kan kujera yake sallah, in ya sauka sujada sai an ɗaga shi. Wata ma'aikaciyar fisiyo ta ce a gwada masa na'urar lantarki a cinya lokacin wanki. Mu dai tsoro muke ji. Lantarki a jikin mai ciwon ƙoda? Kuma me zai ƙara masa? Daga wata mai karatu, Aboabo.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka muku da alheri kan ɗawainiya. Shawarar ma'aikaciyar nan tana kan hanya, kuma irin su Baba aka fi yi wa wannan aiki.

Sai an san abin da ya cinye cinyar tukuna, in ba haka ba za a ɗora wa na'ura abin da ya fi ƙarfinta. Idan ƙoda ta gaza, asid yana taruwa a jini, asid ɗin kuma yana sa jiki ya riƙa rushe naman tsokarsa. Injin wankin ma yana tafiya da wani abu: a kowane zama ana rasa kamar giram 6 zuwa 12 na sinadaran amino, waɗanda da su jiki ke gina tsoka. Ga ƙarancin jini, ga abinci ba ya shiga, ga awa huɗu a kishingiɗe kan kujerar wanki, a dawo gida kuma a kwanta don gajiya. Tsokar da ba ta aiki zubewa take yi. Ta gaban cinya, wadda ke miƙe gwiwa, tana cikin masu fara tafiya, ita ce kuwa ke tashin mutum daga sujada.

Na'urar da ake nufi za ku ga an rubuta NMES ko EMS a jikinta. Wutar soket ba ta shiga jikin kowa. Batir ne ke aika gajerun bugu, kowanne bai kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba, ta filasta biyu masu danƙo. Lantarkin ya shiga ta ɗaya, ya ratsa naman da ke tsakaninsu, ya fita ta ɗayar. A hanya yana taɓa jijiyar da ke kai wa tsoka umarni, sai tsokar ta ɗaure kamar mai ita ne ya sa ta. In a cinya aka manna, a cinya yake tsayawa, babu ruwansa da ƙoda, babu ruwansa da injin wanki.

An gwada wannan a kan masu wankin ƙoda a wurare da dama. A Brno ta ƙasar Cek, a 2012, an yi mako 20 ana yi. A Brazil, a 2017, da Japan, a 2018, mako 8. A Kobantiri ta Ingila, a 2018, an kwatanta shi da tuƙa keken motsa jiki lokacin wanki na mako 10, aka ga duka biyun sun ƙara ƙarfin ƙafa. Abin da ake yawan samu shi ne ƙarfin cinya ya ƙaru, nisan da mutum ke iya takawa cikin minti 6 ma ya ƙaru. Amma mutanen da aka gwada a kansu kaɗan ne, gommai a kowane wuri, kuma ba a nuna cewa yana gyara ƙoda ko yana ƙara tsawon rai ba. A ganinmu wanda zai iya tafiya ko tuƙa keke, ya yi hakan, ya fi masa. Na'ura ta wanda ƙafa ta riga ta gaza ɗaukarsa ce. Ku lura kuma, a gwaje-gwajen nan sau uku a mako ake yi. Tunda Baba sau biyu yake wanki, sai a ƙara zama na uku a gida.

Ga yadda ake yi. Likitan ƙodarsa ne zai fara ba da izini, kuma zaman farko da na biyu a gaban ma'aikaciyar fisiyo za a yi su. Asibitin Komfo Anokye da ke Bantama yana da sashen ƙoda da sashen fisiyo duka. A goge cinya da ruwa da sabulu, ta bushe sarai. Kowace cinya filasta biyu manya, masu santimita 5 a faɗi da 10 a tsawo. Ta sama a kwantar da ita a gicciye, kamar yatsu huɗu ƙasa da lanƙwasar da cinya ke haɗuwa da mara, a ɗan karkata waje. Ta ƙasa kuma yatsu uku sama da ƙoƙon gwiwa, ta ɓangaren ciki, inda wani ɗan tudun nama ke fitowa in mutum ya miƙe ƙafa da ƙarfi. A naɗe tawul ko filo a sa ƙarƙashin gwiwa ta ɗan lanƙwashe, diddige yana da abin tokarawa.

Saiti huɗu ne a fuskar na'urar. Yawan bugu a sakan, inda aka rubuta Hz, a sa 35 zuwa 50. Faɗin bugu, wato tsawon lokacin kowane bugu, maikrosakan 300 zuwa 400. Lokacin ɗaurewa da na hutu, a fara da sakan 5 na ɗaurewa da 20 na hutu, ƙarfin yana hawa a hankali cikin sakan 1 zuwa 2 don kada ya fizge shi. Na huɗun, ƙarfin lantarkin, shi ne inda aikin yake, shi ne kuma inda aka fi lalata shi. Ana ƙarawa kaɗan-kaɗan daga sifili. Da farko Baba zai ji tsikari a fata. Wannan ba komai ba ne tukuna. A ci gaba har sai kun ga da idonku naman cinyar ya taso ya yi tauri, ƙoƙon gwiwa ya ja sama, sannan ya koma in hutu ya zo. Ga mafi yawan mutane hakan na faruwa tsakanin miliamfiya 30 da 60. Bayan minti biyar jiki kan saba, ɗaurewar ta yi rauni, sai a ƙara 2 ko 3. Ƙa'idar ita ce mafi ƙarfin da zai iya jurewa ba tare da zafi ba. Masu jinya da yawa, don tausayi, sukan bar shi a tsikari, a yi wata biyu ba a ga komai ba a ce na'ura ba ta aiki.

Makon farko minti 15 zuwa 20 ya isa. Kowane mako a ƙara minti 5 har a kai 30 zuwa 45, a kuma matsa zuwa sakan 10 na ɗaurewa da 20 na hutu. In Baba zai iya matse cinyar da kansa duk lokacin da bugun ya zo, ribar ta fi yawa. A ɗakin wanki, a bari a yi rabin awa jini ya daidaita kafin a kunna, a kuma gama cikin awa biyu na farko, domin a ƙarshen wanki ne jini ke yawan faɗuwa. Ranar da lambar sama ta awon hawan jini ta haura 180 ko ta sauka ƙasa da 100, ko akwai zazzaɓi, ciwon ƙirji, haki, ko fotasiyam, sinadarin da ke taruwa a jini in ƙoda ta gaza, ya kai 6 a gwajin jini, a bar na'ura a jaka.

Saura maganar abinci, wadda in babu ita duk wannan wahalar banza ce. Kafin a fara wanki ana ce wa mai ciwon ƙoda ya rage nama, iyalai da yawa kuma sukan ci gaba da hana shi bayan an fara. Mai wanki yana buƙatar furotin giram 1 zuwa 1.2 ga kowane kilo na nauyinsa a rana. In Baba kilo 60 ne, giram 60 zuwa 72 ke nan. Ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6, ɗanyen kifi ko kaza da aka dafa mai girman tafin hannu kamar 20 zuwa 25. Ban da kifin gishiri irin su kobi da momoni. Ku kuma tambayi likita lamba biyu: bikabonet, mai nuna ko asid ya taru a jini, wanda ake so ya kai 22, da himoglobin, mai nuna ƙarancin jini, wanda ake so ya zauna tsakanin 10 da 11.5.

TAMBAYA: Matata tana wanki wata huɗu ke nan. Wani mai sayar da na'urori ya nuna mana wata da ake sa ƙafa a roba da ruwan gishiri, a kunna, ruwan ya rine ya koma jaja-jaja. Ya ce dattin ƙoda ne ke fita ta tafin ƙafa. Yana da wata kuma ta mannawa a baya, wai tana farfaɗo da ƙoda cikin wata uku har a daina wanki. Kuɗin da yawa, amma in gaskiya ne zan sayar da abin da nake da shi. Daga wani ɗan kasuwa, Alabar.

AMSA: Alhaji, ku riƙe kuɗinku, kada kuma Hajiya ta tsallake wanki ko sau ɗaya saboda wannan mutumin. Ruwan nan tsatsa ce. Akwai ƙarfe a cikin robar, lantarki kuwa in ya ratsa ƙarfe a ruwan gishiri cinye shi yake yi. Ku ce masa ya zuba ruwa da gishiri ya kunna, kada kowa ya sa ƙafa, ku zauna rabin awa. Ruwan zai rine kamar yadda ya saba.

Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya. A ciwon da ya daɗe, waɗanda suka mutu tabo ne ke maye gurbinsu, kuma babu lantarkin da ke mai da tabo matata. Akwai wani tarko da ya kamata ku sani, don masu irin wannan ciniki suna son nuna takardar gwaji. Kiriyatinin, sinadarin da ake aunawa a jini don gane aikin ƙoda, daga tsoka yake fitowa. In mara lafiya ya rame, tsokarsa ta zube, lambar takan sauka alhali ƙodar tana nan yadda take ko ma ta ƙara lalacewa. Wanda kuma ya mai da tsoka, tasa lambar tana iya ɗan hawa ba tare da wani abu ya ɓaci ba. Lamba ɗaya a takarda ba ta isa hujja ba.

Abin da ke biyo bayan barin wanki sananne ne: ruwa ya cika huhu, fotasiyam ya taru, in ya wuce 6.5 zuciya tana iya tsayawa ba sallama. In kuɗin wankin ne ya yi nauyi, tun Disamba 2024 hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta sa wankin ƙoda cikin abin da katin NHIS ke ɗauka a asibitocin da ta amince da su. Ku je sashen ƙoda da katin ku tambayi yadda ake shiga. Duk na'urar jinya da za ku saya kuma, ku nemi shaidar rajistarta da hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, FDA, wanda zai manna wa matarku waya ya nuna lasisinsa na majalisar da ke kula da ma'aikatan fisiyo.

TAMBAYA: Na sayo wa yayana na'urar, amma in mun kunna sai ta riƙa cizonsa kamar allura, wurin ya yi ja, naman kuma ko motsi ba ya yi. Ta lalace ne? Daga wani matashi, Asawase.

AMSA: Ɗan'uwa, sau da yawa laifin ba na na'urar ba ne. Fara duba abin da ka sayo. In TENS kawai aka rubuta, kuma babu wurin saita lokacin ɗaurewa da na hutu, ta rage ciwo ce, ba a yi ta don gina tsoka ba. In kuwa NMES ce ko EMS, to bi waɗannan.

Muna zargin man kaɗe kafin komai. Masu ciwon ƙoda suna fama da bushewar fata da ƙaiƙayi, don haka suna shafa mai sosai, kuma daidai ne su shafa. Sai dai mai yana hana filasta kamawa, yana kuma tare lantarki. Ɗaga filastar ka duba: in ka ga gefenta ya naɗe, danƙon ya yi dusu-dusu da gashi da ƙura, to rabinta ne kawai ke taɓa fata, lantarkin duka yana matsewa ta wannan ɗan wurin. Cizon da yayanka ke ji ke nan, haka kuma ƙuna ke samuwa. A wanke cinya da sabulu kafin zama, a shafa man bayan an gama.

Girman filasta ma haka yake. Waɗanda ke zuwa cikin kwali yawanci 5 da 5 ne, girmansu rabin na 5 da 10. Ƙarfin da babba za ta baza, ƙarama tara shi take yi ninki biyu a fata, mutum ya ce a tsaya tun lantarkin bai kai tsoka ba. Sayi manya. Filasta mai danƙo takan yi zama 15 zuwa 30, zafin ɗaki da iskar hunturu suna rage mata kwana. In an cire, a ɗiga mata ruwa kaɗan a shafa da yatsa, a mai da ita kan ledarta, a rufe a jaka mai zif. Gashin cinya a rage shi da almakashi. Aski da reza dab da zama yana barin 'yan yankan da ido ba ya gani, lantarki kuwa yana ganinsu. Kowane mara lafiya da filastarsa, musamman a ɗakin wanki inda ake kiyaye cutar hanta nau'in B da C.

In fata da filasta lafiya suke amma tsoka ba ta amsawa, duba tazarar da ke tsakaninsu. In sun matsi juna, lantarkin a saman fata yake bi, bai nutsa ba. A bar aƙalla faɗin tafin hannu. Duba faɗin bugu, ƙasa da 200 da wuya ya ɗaga babbar tsoka. Matsar da filastar ƙasa santimita ɗaya ko biyu, don akwai daidai inda jijiya ke shiga tsoka, in aka dace da wurin ƙaramin ƙarfi ma ya isa. Sannan kumburi: danna ƙaurinsa da babban yatsa sakan biyar, in rami ya zauna, ruwan da ke ƙarƙashin fata yana watsa lantarkin. Irin wannan sai washegarin wanki, lokacin da ruwa ya ragu. In ƙafa ɗaya tana aiki ɗaya ba ta yi, musanya wayoyin. In matsalar ta bi waya, ta tsinke a ciki, yawanci daga bakin filogi. Batir mai rauni ma yana kunna fitila amma ba ya ɗaga tsoka. Kada a taɓa amfani da na'urar tana jone da caji.

Jan da ya ɓace cikin awa ɗaya ba abin damuwa ba ne. Wanda ya kwana, ko ya yi ƙuraje ko bororo, a dakata har ya warke, a nuna wa nas.

TAMBAYA: Ina da suga shekara 15, ita ce ta taɓa ƙodata. Tafin ƙafafuna ba sa ji, kuma an yi min fistula, wato jijiyar da ake haɗawa don wanki, a hannun hagu. Zan iya amfani da ita? Daga wata Hajiya, Sabon Zango.

AMSA: Hajiya, mai yiwuwa ne, amma sai an gwada fatar cinyarku. Mutuwar jijiya ta suga daga yatsun ƙafa take farawa tana hawa, sau da yawa cinya tana nan da jinta. Ma'aikacin fisiyo zai taɓa wurin da auduga, da abu mai ɗan tsini, da ɗumi da sanyi, idonku a rufe. In kun bambance su, sai a ci gaba. Inda ba ya ji ba a manna filasta, don jin zafi ne ke gaya wa mutum fata na ƙonewa. Ku auna suga kafin zama, in ya gaza 4 a fasa a ci wani abu. In kuna allurar insulin, ranar ku yi ta a fatar ciki, don tsokar da ke aiki tana saurin zuƙe maganin da aka yi a cinya, suga ya faɗi.

Hannun fistula kuwa ba a kusantarsa da filasta ko kaɗan. Wanda katetarsa, wato robar da ake jona injin wanki da ita, ke wuya ko ƙirji zai iya yi a cinya. Wanda tasa ke cinya ya jira har a cire.

Tunda maganar ta zo, ga waɗanda bai halatta su yi ba. Mai batirin zuciya, ko na'urar da aka dasa don daidaita bugunta, domin bugun waje yana iya rikita ta. Wanda ƙafarsa ɗaya ta kumbura ta yi zafi ita kaɗai, don yana iya zama gudan jini ne a jijiya, matsawar tsoka kuma ta tura shi huhu. Wannan hoton jijiya yake buƙata a ranar. Mai juna biyu, mai farfaɗiya, da wanda bai daɗe da bugun zuciya ko karaya ba, sai da izinin likita. Ba a mannawa a kan gyambo ko ƙari. Ga kowa da kowa kuma, ba a sawa a gaban wuya, a kai, ko ɗaya a ƙirji ɗaya a baya. Wanda ya shekara da yawa yana wanki, sinadarin PTH ɗinsa, wanda ke zuƙe kalsiyam daga ƙashi, ya yi sama, ƙashinsa da jijiyar gwiwarsa suna da rauni, nasa ƙarfin a hankali ake hawa da shi.

TAMBAYA: Ni direban trotro ne, motar haya. An ce ƙodata tana mataki na 3, an hana ni diclofenac, bayana kuwa ba ya barina barci. An ce akwai na'urar rage ciwo. In na manna a baya ba za ta taɓa ƙodar ba? Daga wani direba, Tafo.

AMSA: Malam, wanda ya hana ka diclofenac ya kyauta maka. Shi da ibuprofen da danginsu suna rage jinin da ke shiga matatan ƙoda, kuma suna ɓuya cikin magungunan ciwon jiki masu haɗe-haɗe da ake sayarwa a tasha, don haka karanta kwali. Mataki na 3 yana nufin ƙarfin tacewar ƙodarka, lambar eGFR, yana tsakanin 30 da 59. Da sauran abin karewa da yawa.

TENS ce taka. Tana aiki ne a kan jijiyoyin ji na fata: saƙon tsikari yana rige saƙon ciwo shiga laka, sai ciwon ya dusashe. Melzack da Wall ne suka bayyana wannan a 1965. Ƙoda tana can ciki ƙarƙashin haƙarƙarin baya, bayan nama mai kauri, wannan ɗan lantarki ba ya cutar da ita, ba ya kuma yi mata magani. Filasta ƙanana biyu ko huɗu, hagu da dama na wurin ciwon, kada a ɗora kan ƙashin baya. Hz 80 zuwa 100, faɗin bugu 50 zuwa 100, ƙarfi har ka ji tsikari sosai mai daɗi amma nama ba ya tsalle. Minti 30, sau biyu ko uku a rana. Sauƙin yakan zo lokacin da take kunne da ɗan lokaci bayan an kashe, kuma ba kowa take yi wa aiki ba. Ka gwada mako biyu, in babu bambanci kada ka ƙara kashe kuɗi a kanta. Ba a tuƙi da ita, ba a barci da ita, ba a wanka da ita.

Paracetamol giram 1 har sau uku a rana bai da laifi ga ƙoda. Tramadol yana taruwa a jikin mai ciwon ƙoda, kada ka sha sai likita ya rubuta ya kuma rage adadin. In ciwon ya zo da zazzaɓi, jini a fitsari, mutuwar ƙafa, ko fitsari ya riƙa kuɓuce maka, asibiti za ka nufa a ranar.

TAMBAYA: Na ga ana tallar wata riga mai wayoyi da ke motsa jiki gaba ɗaya, wai minti 20 a cikinta ya fi awa biyu na ɗaga ƙarfe. An ce min akwai furotin a fitsarina amma ina jin ƙarfina. Daga wani ɗalibi, Ayigya.

AMSA: Ka nisance ta. Rigar nan tana ɗaure manyan tsokoki da yawa lokaci guda, in an yi da ƙarfi, musamman a zaman farko, naman tsoka yana farfashewa. Sinadarin CK da ke nuna hakan an ga ya ninka fiye da sau ɗari a jinin matasa masu lafiya, yakan kai ƙololuwa kwana uku zuwa huɗu bayan zaman. Tsokar da ta fashe tana zubo mayoglobin, wanda ke toshe matatan ƙoda, tana kuma zubo fotasiyam. Alamar ita ce ciwon jiki mai tsanani da fitsari baƙi-baƙi kalar shayi mai kauri, kuma maganar gaggawa ce. Mai lafiyayyar ƙoda yakan tsallake, kai taka ta riga ta nuna rauni. Tafiya mai sauri minti 30 sau biyar a mako ta ishe ka.

TAMBAYA: Mako uku ke nan muna yi wa mahaifiyarmu. Yaya za mu gane tana amfana, kuma har yaushe za a ci gaba? Tana kuma kukan ƙullewar sharaɓa a ƙarshen wanki, na'urar ce ta jawo? Daga wata mai karatu, Sawaba.

AMSA: 'Yar'uwa, mako uku ya yi wuri, sai mako 6 zuwa 8 ake fara gani. Ku auna tun yanzu don ku sami abin kwatantawa. Ku jingina kujera mara hannu da bango, Mama ta rungume hannuwanta a ƙirji, ku ƙirga sau nawa za ta miƙe tsaye sosai ta koma ta zauna cikin sakan 30, wani yana tsaye kusa da ita. In ba ta iyawa sai da dafawa, ku rubuta hakan, ranar da ta tashi ba dafawa ci gaba ne. A maimaita duk mako biyu, a kujera ɗaya, washegarin wanki. Awon kaurin cinya da tef, santimita 10 sama da ƙoƙon gwiwa, yana da amfani, amma kumburi yana yaudara, shi ya sa muka fi yarda da kujera.

Da zarar ta iya tashi sau 8 zuwa 10, a fara sauya aikin: tashi da zama sau 10 safe da yamma, tafiya a tsakar gida minti 5 ana ƙarawa, na'ura kuma ta koma sau ɗaya ko biyu a mako har a ajiye ta. In aka daina ba a maye gurbinta da motsi ba, ƙarfin yana zubewa cikin 'yan makonni. In ta kwanta asibiti ko ta yi jinyar da ta hana ta tashi, a dawo da ita daga saitin farko.

Ƙullewar ƙarshen wanki yawanci daga saurin cire ruwa ne. In abin da ake cirewa ya wuce mililita 13 ga kowane kilo a awa, wato kamar lita 3 cikin awa huɗu ga mai kilo 60, jini yana faɗuwa, tsoka ta ƙulle. Masu wanki sau biyu a mako sun fi shan wannan don ruwan kwana uku ko huɗu suke zuwa da shi. Maganin yana wajen gishiri, tunda shi ke kawo ƙishirwa: ƙasa da giram 5 a rana, ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin magi da shito. Kada ku sayi gishirin da ake cewa na masu hawan jini, fotasiyam ne a ciki. In ƙullewar ta zo, a miƙe gwiwa a tura yatsun ƙafa sama wajen fuska, a gaya wa nas ta rage saurin injin. In kuwa a cinyar da ake bugawa take zuwa, kuma lokacin da na'ura ke kunne, a tsawaita hutun zuwa sakan 30, a rage ƙarfin kaɗan, a kuma matso da zaman farkon wanki.